Hangen Dala ba shiga birni ba ne: maganar neman gurbin karatu a ƙasar waje

 

Duk shekara, da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai maganar karatu a ƙasar waje ta cika bakinmu. Wasu suna neman shiga aji ɗaya kai tsaye, wasu kuma sun riga sun fara a nan gida, suna so su kwashe karatun su ƙarasa a can. Ina da ra'ayi a kan wannan, kuma na san ba kowa zai ji daɗinsa ba. A cikin tafiyar nan gaba ɗaya, babu abu mai arha kamar takardar da ke cewa an ba ka gurbi. Mu kuwa ita muke yi wa biki. Ɗan'uwa ya tashi a taron zumunta ya ba da shaida cewa wata jami'a a Indiya ko Saifurus ta ɗauke shi, mu tafa, iyaye mata su rangaɗa guɗa, kafin a tashi an fara maganar baiko na musamman don kuɗin jirgi. Ba wanda zai ce a miƙo takardar a karanta. Ba wanda zai tambayi wa zai biya kuɗin shekara ta uku, balle a tambaya ko digirin zai yi aiki a Nijeriya ranar da mai shi ya dawo da shi. Kunya ce ke rufe mana baki, don kada a ce muna baƙin ciki da ci gaban ɗan'uwa. Wannan kunyar kuwa tana cin gonaki da shanu.

Kada wani ya ɗauka hana fita nake yi. Tafiya neman ilimi tsohon abu ne a ƙasar nan. A zamanin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, daga nesa mutane ke tahowa ɗaukar karatu a nan ƙasar Boɗinga. Dalilan masu son fita a yau ma ba na banza ba ne. Wanda yake Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2022 bai manta da yajin aikin malaman jami'a ba, wanda ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur yana zaune gida. Wadda ke son karatun likita ta san guraben kaɗan ne, masu nema kuwa ba sa ƙirguwa. Ta zauna JAMB sau biyu da maki mai kyau, a ƙarshe a tura ta wani kwas da ba ta nema ba. Irin wannan in ta ɗaga kai ta dubi waje, ba ta yi laifi ba. Kuma akwai waɗanda suka fita ta hanyar da ta dace, suka dawo da ilimi na gaske, muna cin moriyarsu a asibitoci da makarantu. Maganata a kan yadda ake fitar ce.

Me ya sa takardar gurbi take da arha? Domin jami'o'i masu zaman kansu da yawa a duniya da kuɗin ɗaliban ƙasashen waje suke rayuwa. Ɗalibi a wurinsu ciniki ne, shi ya sa suke biyan dillalai la'ada a kan duk wanda suka kawo. Wato mutumin nan da ya karɓi kuɗin cike fom a hannun babanka, yana cewa taimakonku yake yi, sau da yawa akwai wani kason da ke jiransa a can ranar da ka biya kuɗin makaranta. Dillanci ba laifi ba ne, a kara ma da dillali ake sayen sa. Amma a kara kana ganin san da idonka, ka buɗe bakinsa ka duba haƙori, ka zagaya shi. Nan kuwa hoton gini kawai aka nuna maka a waya. Haka abin nan da suke kira tallafin kashi 50 ko 70 cikin ɗari: galibi rangwame ne a kan farashin da su suka yanka da kansu, kuma na kuɗin karatu ne kaɗai. Ɗaki, abinci, inshorar lafiya, sabunta izinin zama, duk suna wuyanka. Tallafi na gaske ana fafatawa kafin a same shi, yana da ranar rufewa, kuma ba a sayensa a hannun kowa.

Tun da na ambaci Saifurus, a sani cewa wadda dillalai suka fi tallata mana ita ce ta Arewa, yankin da ban da Turkiyya babu ƙasar da ta amince da shi a matsayin ƙasa. Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a can da zai tsaya maka in abu ya ɓaci. A 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje, Abike Dabiri-Erewa, ta fito fili ta gargaɗi iyaye game da tura 'ya'yansu can, bayan mace-macen ɗaliban Nijeriya da aka yi ta samu.

Abin da ya fi damuna dai shi ne dawowa, domin mafi yawanmu gida za mu dawo, kuma a nan za a auna takardar. A ƙarshen Disamba 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na jaridar Daily Nigerian, ya wallafa yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Ranar 2 ga Janairu 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digirin Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agusta na shekarar, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa jami'o'i takwas kaɗai ake amincewa da su a ƙasashen biyu, biyar a Benin, uku a Togo, kuma takardu sama da 22,000 da ke hannun 'yan Nijeriya na bogi ne. Wanda ya sayi takarda yana sane, wannan ya girbi abin da ya shuka. Wanda nake jin tausayi shi ne yaron da ya zauna shekara uku ko huɗu da gaske, ya sha karatu, iyayensa suka biya kowane zango, alhali makarantar ba ta cikin waɗanda aka amince da su, kuma ba wanda ya bincika tun farko. Wutar ta haɗa ɗanye da busasshe.

Ga yadda abin yake tafiya. Duk wanda ya yi digiri a waje, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardarsa kafin hukumar NYSC ta kira shi bautar ƙasa, kuma kun san matsayin takardar bautar ƙasa wajen neman aiki. Ana neman kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi, ana neman takardar makin darussa, ana kuma neman fasfo mai hatimin fita da shiga, wanda zai nuna lallai ka zauna a ƙasar da ka ce ka yi karatu. Wannan ta ƙarshe ta shafe mu ƙwarai, mu da ke kusa da iyaka. Ƙasar waje mafi kusa da mu Nijar ce. Ka bi hanyar Illela ka tsallaka Birnin Ƙonni, ga Tawa, ga Maraɗi, ga Yamai, duk da jami'o'insu. Hausa ɗaya ake yi, tuwo ɗaya ake ci, shi ya sa yaro kan manta cewa shi ɗalibin ƙasar waje ne. Ya yi ta hawa babur yana ratsawa ta bayan gari har ya gama, fasfonsa fari tas babu hatimi ko ɗaya, ko ma bai taɓa yin fasfon ba. Ranar tantancewa a Abuja da me zai nuna ya zauna a Maraɗi? Kuma iyakar nan da muke wa kallon ƙofar gida an taɓa rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025. Wanda zai yi karatu can ya riƙe takardunsa na tafiya da na zama kamar mai zuwa Turai.

Masu son likitanci suna da ƙarin tsani. Likitan da ya yi karatu a waje ba ya taɓa majiyyaci a Nijeriya sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN. Lauya ma sai ya yi ƙarin zango a makarantar horon lauyoyi kafin ya haɗu da waɗanda suka karanta a gida. Bayan yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairu 2022, makarantun can da yawa suka koma koyarwa ta intanet, sai MDCN ta sanar a watan Yuni cewa ba za ta karɓi digirin likitancin da aka ƙarasa ta wannan hanya ba. Ku yi tunanin wadda ta kai aji biyar.

Sai maganar kuɗi, inda iyayenmu suka fi shan wuya. Lissafin da ake yi a tsakar gida lissafin tashi ne: fom, fasfo, biza, jirgi, da kuɗin zangon farko. A sayar da sa biyu, a jinginar da gonar fadama, zumunta ta haɗa nata, kuɗi su cika. Amma digiri shekara huɗu ne, likitanci shida, kuma da dala ko fam ake biya, alhali gero da albasa da naira ake sayar da su. Mu ɗauki makarantar da kuɗinta dala 5,000 ne a shekara. A farkon Yuni 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, wannan naira miliyan 2.3 ke nan. Kafin Fabrairu 2024 ya ƙare dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya koma miliyan 7.5. Makarantar ba ta ƙara ko kwabo ba, gonar Baba ma ba ta ƙara faɗi ba. Abin da ya sami ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila ke nan a 2024. Abin da suka tara a naira ya narke a hannunsu, suka kasa biya a kan lokaci, aka dakatar da wasunsu daga karatu, har aka ce su bar ƙasar. Waɗannan kuwa mutane ne da suka fi yawancinmu ƙarfin aljihu nesa ba kusa ba.

Akan ce, ai in na isa zan yi aiki in biya. A Birtaniya awa 20 a mako ne iyakar aikin da aka yarje wa ɗalibin digiri lokacin da ake karatu. A Amurka ma awa 20 ne, kuma a cikin harabar makaranta. Wannan ya sayi abinci ya rage kuɗin ɗaki, amma ba ya biyan kuɗin jami'a. Kanada, a Janairu 2024, ta ɗaga kuɗin da sai ɗalibi ya nuna yana da su don zama daga dalarta 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta. Ko gwamnatin tarayya da kanta, ɗaliban da ta tura Rasha da Maroko da wasu ƙasashe ƙarƙashin yarjejeniyar musayar ilimi sun sha kukan watanni babu alawus, a 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin. In mai rijiyoyin mai ya ji nauyin kayan nan, ina ga mai gonar albasa?

Na san abin da wani zai ce: ka fita da bangaskiya, Ubangiji zai tanada. Ni ma na gaskata yana tanadi. Sai dai na lura mai faɗin haka ba shi za a kulle wa ɗaki a tsakiyar hunturu ba, kuma ba gonarsa aka jinginar ba. Zama a yi lissafi ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Daga nan ne wata dabara ke shigowa, wadda ya kamata mu kira ta da sunanta. Dillali zai ce kada ku damu da takardar banki, za a zuba kuɗi a asusun na 'yan kwanaki, a buga takarda, a kwashe. Ko a haɗa wata da kwamfuta. Ƙarya ce, kuma ba ta zama gaskiya don an yi addu'a a kanta kafin a kai ofishin jakadanci. Ko ta fuskar doka ma ramin yana da zurfi: Birtaniya tana iya hana wanda aka kama da takardar bogi biza har shekara goma, Amurka kuwa hanin nata na iya zama na har abada. A 2023 ɗaruruwan ɗaliban Indiya a Kanada sun fuskanci kora, wasu bayan sun gama karatu har sun fara aiki, saboda an gano takardun gurbin da dillali ya shigar musu tun farko na jabu ne. Sun ce ba su sani ba, kuma mai yiwuwa gaskiya suka faɗa, amma sunansu ne a kan fom ɗin.

Bari in daɗe kaɗan a kan masu sauya jami'a, don su ne aka fi ruɗa. Mutum yana aji biyu ko uku a nan Sakkwato, sai a ce masa ya zo ya ɗora daga inda ya tsaya. Yana ɗauka shekarun da ya yi kamar buhunan gero ne, a loda a mota a sauke a can yadda suke. Ba haka ba ne. Jami'ar da za ta karɓe ka ita ke da ikon cewa ga abin da za ta ƙirga, kuma darasi-darasi take dubawa. Za ta nemi takardar makinka, wadda ɗalibai ke kira tiranskirif, kuma yawanci so take jami'arka ta aika mata kai tsaye, ba ta hannunka ba. Za ta nemi bayanin abin da aka koyar a kowane darasi don ta gwada da nata. Darasin da ka tsallake da ƙyar galibi ba a ɗaukarsa. Wanda ba shi da kishiya a manhajarsu ma ya faɗi. Sannan jami'o'i da yawa ba sa ba da digirinsu sai ka yi kusan rabin karatun a wurinsu. A ƙarshe ɗan aji uku ya tarar an mai da shi aji biyu, ko ma aji ɗaya, ga shi kowace shekarar da aka maimaita da dala za a biya ta. Tallafin karatu ga mai sauyawa kuma ya fi na sabon shiga ƙaranci. Saboda haka kafin ka biya komai, ka nemi su rubuta maka darussan da suka karɓa da ajin da za su sa ka. Maganar baki ta dillali ba ta shiga rajista.

Wasu, don su sami tallafin sabbin ɗalibai, sai a ba su shawara su ɓoye cewa sun taɓa shiga jami'a. Fom ɗin jami'o'in Amurka yana yin wannan tambaya ƙarara, kuma in aka gano daga baya suna da ikon soke gurbin. Wani abin kuma da nake roƙon ku: kada ka ajiye karatunka na gida don an turo maka takardar gurbi. Gurbi daban, biza daban, kuma dokar biza tana juyawa ba sallama. A Yuli 2025 Amurka ta mai da yawancin bizar 'yan Nijeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. Ka ci gaba da shiga aji kana rajista har bizar ta zo hannunka, in ya kama kuma ka rubuta wa jami'arka neman jinkirta karatu a hukumance. Wanda ya sulale ba takarda, ranar da tafiya ta fasa zai tarar an share sunansa a nan, can kuma bai shiga ba.

Sauyin jami'a yana iya zuwa ta ɗaya ɓangaren, ba tare da ka shirya ba. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum. Dubban ɗaliban Nijeriya ne a Sudan a lokacin, akasarinsu 'yan Arewa, har da na jihar nan. Muka ga yadda aka kwashe su a motoci, wasu suka yi kwanaki a iyakar Masar, jirgin farko bai sauka Abuja ba sai farkon Mayu. Da hankali ya kwanta, JAMB ta fitar da tsarin yadda jami'o'in gida za su karɓe su, amma kowace jami'a ita ke yanke ajin da za ta sa mutum, kuma abin da za ta duba shi ne takardar maki. Wanda ya fito da tasa yana da abin magana. Wanda ya bar ta a ofishin rajista fa, a garin da ake luguden wuta, ma'aikatan ma sun gudu? Shi ya sa duk wanda ke waje yanzu, ko a Maraɗi ne ko a Indiya, ya riƙa karɓar sakamakon kowane zango da hatimi, ya ɗauki hotonsa ya tura wa kansa ta imel, ya kuma aiko da kwafi gida a ajiye a akwatin Mama.

Akwai wata ƙaramar matsala da ke kayar da mu musamman, wato suna. A takardar haihuwa Bitrus, a WAEC Peter, a lambar NIN an sa sunan kaka a tsakiya, a fasfo an juya na farko ya koma na ƙarshe. Ko shekarar haihuwa ta bambanta don an rage ta lokacin rajistar jarrabawa. A gida kowa ya san Yohanna da John mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke Abuja ko Landan mutum biyu yake gani. Gyara wannan yana cin watanni, a fara da shi tun kafin a taɓa fom. Haka wanda ke sa ran tallafin gwamnatin jiha: ana neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, kuma da yawa cikinmu aiki ko kasuwanci ne ya kawo iyayenmu nan daga Zuru ko Kaduna ko Filato. Ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa tun da wuri.

Zuwa da kai ya fi aike. Wayar nan da kake kallon ƙwallo da ita ta isa ka nemi gurbi da kanka, domin kowace jami'a ta gaske tana da shafinta da ofishin ɗaukar ɗaliban waje, kuma suna amsa wasiƙa. Ka duba adireshin da aka rubuto maka da shi, in na Gmail ne ba mai sunan makarantar ba, ka ja da baya. Kuɗin makaranta asusun makaranta ake biya, ba asusun wani mutum ba. Gwamnatocin Birtaniya da Kanada da Amurka duk suna wallafa jerin makarantun da aka yarje wa ɗaukar ɗaliban waje, kowa na iya dubawa kyauta. Mai son Amurka akwai cibiyar EducationUSA a Abuja da Legas, shawararsu ba a biya. Kafin duk wannan, a tambayi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya matsayin makarantar, mai likitanci ya tambayi MDCN. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: manyan jami'o'in Amurka tsakanin Nuwamba da Janairu suke rufe karɓar takardun masu shiga a Agusta, wato shekara guda kake buƙata ta shiri, da jarrabawar Turanci irin IELTS ko TOEFL in sun nema. Duk wanda ya ce maka ka kawo kuɗi yau gurbi zai rufe jibi, gaggawarsa ce, ba taka ba.

In kun tambaye ni, ga yawancinmu hanyar da ta fi ita ce a yi digirin farko a gida a ci shi da kyau, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga ta jiha, ga lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 ga masu karatu a makarantun gwamnati. Sannan a nemi digiri na biyu a waje, inda tallafi cikakke ya fi samuwa, irin su Commonwealth da Chevening, ko da yake ita Chevening sai ka yi aikin shekara biyu. Mai shekara ashirin da biyar da digiri a hannu, in abu ya ɓaci a can, yana da abin dawowa ya tarar. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da aka sauke a filin jirgin ƙasar da ba ta jin harshenta, da kuɗin zango ɗaya a jaka, ba ta da wannan. Wanda kuwa ya sami cikakken tallafi tun daga aji ɗaya, a makarantar da aka tantance, ya tafi da murnarmu.

Abin da nake nema a wurin shugabannin zumunta ba mai wuya ba ne. Muna da malaman makaranta a cikinmu, muna da ma'aikatan asibiti da na banki, da waɗanda suka gama bautar ƙasa. A zaɓi mutum uku. Duk wanda ya zo da labarin gurbi, kafin a sanar a gaban jama'a, kafin a yi maganar baiko, su zauna da shi da iyayensa a keɓe, a shimfiɗa takardu a kan tebur: wasiƙar makarantar, shaidar cewa Nijeriya ta amince da ita, da lissafin kuɗin dukan shekarun da sunan wanda zai biya kowace. Mai sauya jami'a ya ƙara da takardar darussan da aka karɓa. Iyayenmu da yawa ba sa karanta Turancin da ke cikin waɗannan wasiƙu, a fassara musu layi-layi, har da ƙananan rubutun da ke ƙasa, tun da gonarsu ce za a taɓa. Wanda takardunsa suka tsaya, ranar da aka kira baikonsa ni zan fara sa hannu a aljihu.